Kashi Ɗaya Cikin Ɗari

Ƙarfe biyun dare a Lamingo,
janareta na tari a bayan gini.
Na rage wa akwatin ɗumi iskar shaƙa
har ta koma kashi ɗaya cikin ɗari,
na rufe ƙofa a kan ƙwayoyin tantanin ido
da nake raino tun ranar Laraba.

Ba su da baki.
Amma ka shaƙe su, ka dawo da safe,
za ka tarar sun yi magana cikin ruwan da suke kwance.
Furotin suke fitarwa, ɗigo bayan ɗigo,
saƙo ne zuwa ga jijiya:
ki tsiro, ki kawo jini, muna nan ƙasa.

Babana ya haƙi kuza a Bukuru.
Yakan ce in kyandir ya fara lumshewa cikin loto,
kada ka tsaya addu'a mai tsawo,
ja igiya, na sama su ji.
Sau uku ana fito da shi da ransa.

Yanzu suga ta toshe ƙananan hanyoyin idonsa.
Na ƙasa sun ja igiya, sun yi ta ja,
jijiyoyi suka sauko da gaggawa,
sirara, aikin ranar kasuwa,
suna yoyo tun kafin su iso.
Masu ceton ne suka kashe masa kyandir.

Kaneng ta ɗiga sinadarin tsiro a layi na biyu.
Da asuba lamba ta ninka a kan allo,
wani furotin ya ƙaru, wani ya yi shiru,
na uku bai san ma an yi ba.
Ta tafa hannu. Ni ma na tafa,
na rubuta a littafi da rubutu mai kyau.

Na hau Keke zuwa Gangare cikin yayyafi.
Yana zaune bakin zaure da rigar sanyi biyu,
ya gane ni da ƙarar takalmi.
"Tabawa, me 'ya'yan naki suka ce yau?"

Na ce, sun ce iska ta yi kaɗan, Baba.

Ya juya fuska wajen da yake zaton ina tsaye,
ya kuskure ni da taku ɗaya.
"To ki buɗe musu mana."