Kwalba ta Sha Huɗu

Rani ya janye Mekong daga gaɓa.
Duwatsun da damina ta ɓoye sun fito shan rana
kamar bayan ɓauna a tabki.
Thongbai ya kashe injin kwale-kwale,
muka bar ruwa ya gangara da mu tsibirin Khong.

Kwalabe ashirin ke cikin akwatin ƙanƙarata,
kowacce da lamba, da sa'a, da sunan mashaya.
Na ja safar roba har gwiwar hannu.
Shi kuwa ya kamfata da tafi ya wanke fuska,
yana mini dariya da haƙoransa huɗu.

"Sengdao, leƙa ƙasa.
Ga yashi, ga inuwar kifi tana bin kifi.
Ruwan da ya nuna miki cikinsa
me ya rage masa ya ɓoye?"

Ban tanka ba. Na kife dutse.
Ga su nan manne a gindinsa,
'yan dodon-koɗi, baƙaƙe,
ko ƙwayar shinkafa ta fi su jiki.
Na kankare su da bakin cokali.
Na ɗebi laka a inda aladu ke birgima,
na tsinci kashin kare da tsinke a bayan rumbu,
yara na biye da ni suna toshe hanci.
Wata tsohuwa ta ba ni ganyen da ta ɗauraye don miya,
ta ce in na gama dubawa in dawo mata da shi.

A Pakse, fanka na juya zafi daga bango zuwa bango.
Ruwa na ratsa matata ɗigo-ɗigo,
farar takarda ta koma launin shayi.
Abin da ya wuce ta kogi yakan bar sawu,
kamar yadda mai cin tafarnuwa ke barin ɗaki,
na'ura kuwa ba ta mura.

Ta ɗaya, babu.
Ta bakwai, mai kama da kunun laka, babu.
Na fara jin yunwa, na fara tunanin gida.
Sai ta sha huɗu ta ɗaga layi a allo,
a hankali, kamar maciji na ɗaga kai.

Na san lambar ba sai na duba littafi ba.
Mashayar gindin tsamiya.
Garau take, ita ce ta fi duka haske.
Nan Thongbai ya wanke fuska.
Nan muka koyi iyo, ni da wana Khamphet,
kafin cikinsa ya zama tulu,
ƙafafunsa su zama kara,
aka ce aljanin ruwa ne ya yi fushi,
uwarmu ta kai kaza biyu da kyandir.

Na kunna fitila a kan dodon-koɗin.
Da hantsi na sa ido a madubi.
Ga ta.
Wutsiya mai reshe biyu, tana karkarwa,
tana neman fatar da za ta huda.
Shekara ashirin da uku ina jin labarinki,
ashe ko kan allura ba ki cika ba.

Ran Laraba na koma da takarda da buhun magani.
Thongbai ya daɗe yana kallon hoton,
ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.
Jikokinsa uku na tsalle daga dutsen nan,
ruwa na tashi fari a bayansu.

"Na yarda," in ji shi.
"To rijiyar makaranta ta ƙafe tun watan jiya.
Ina za su yi wanka?"

Na buɗe baki.
Kogi ya ci gaba da wucewa.
Ya miƙo hannu, na ɗauka takardar zai mayar,
ashe safar roba yake so ya gwada.
Ta yi masa kaɗan.