Darasin Gishiri a Colchani

Shekara talatin da ɗaya ina kankare farin filin nan,
ina tara gishiri tsibi-tsibi,
rana ta tsotse ruwansa, mu loda a tsohuwar motar Fermín.
Ban taɓa tambayar gishiri su wa suka haife shi ba.

Daren Laraba, sanyi na cizon kunne,
Nayra ta baje littafinta kusa da murhu.
Gobe Malama Eulogia za ta yi musu gwaji.
Ta ce, Baba, riƙe min, in na yi kure ka tsai da ni.
Na riƙe. Idona ba ya sauri a kan rubutu,
amma kunnena garau yake.

Zarra, in ji ta, ita ce ƙarshen rabo.
Ka raba tagulla, ka sake rabawa, ka yi ta rabawa,
inda wuƙa ta gaji, tunani ya karɓa.
Ɗan mitsitsin ƙarshe da ke amsa sunan tagulla, ita ce.
Tana da cibiya, furoton da niyutoron a dunƙule,
ilektoron kuwa sai kewaye,
kamar karnukan Fermín a gindin mota:
ba su zauna ba, ba su tafi ba.

Sinadari tsantsa fa? Na ga ta ja masa layi biyu.
Dangi guda ne, Baba, babu bare.
Azurfa azurfa ce har ƙasan zuciyarta.
Ƙirga furoton ka san da wa kake magana:
ɗaya, haidurojin;
uku, litiyam, wanda masu farar hular kwano
ke haƙa rijiyoyi dominsa ƙarƙashin sawunmu;
takwas, oksijin, mai yi mana rowa a kan tudun nan.

Sai ta ɗebo gishiri a kwano ta zuba min a tafi.
Ta ce, wannan biyu ne.
Na ce ɗaya ne, ni na kankaro shi.
Ta ce sodiyam ne, ƙarfe mai laushin cuku,
wanda in ya taɓa ruwa sai tsartuwa, har da wuta,
da kulorin, iska kore-kore mai shaƙe maƙogwaro.
Wannan ya miƙa ilektoron guda, wancan ya karɓa,
shi ke nan suka riƙe juna.
Sunansa haɗaɗɗen sinadari.

Na dube ta. Na dubi tafina.
Wuta da guba nake barbaɗa wa dankali?
Ta yi dariya har da tari.

Na ce, to ai ni ma na san haɗi,
gishiri da yashi, ranar da iska ta yi mana ɓarna.
Ta girgiza kai. Wancan cakuɗa ce.
Ruwa da ƙyallen tata sun raba gardama,
kowa ya koma gidansu da halinsa.
A haɗi na gaske, wanda ya shiga
ba ya nan da tsohon halinsa,
mai zafi ya huce, mai dafi ya zama abin miya.

Uwarta Celestina na gefe tana saƙar safa.
Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce,
wannan kam ba sai an je makaranta ba.

Da asuba na fita, filin fari fat har ƙarshen gani,
sama da ƙasa sun haɗe baki.
Na ɗanɗana ƙwaya ɗaya a kan harshe,
ina neman wutar, ina neman gubar.
Gishiri kawai na ji.

Na ba Fermín labari muna lodi,
sunan ƙarfen ya ɓace min, na ce wani mai laushi dai.
Ya jingina shebur, ya goge gemu,
ya ce, tunda biyu ne,
a gaya wa dillalin Uyuni ya biya kuɗin biyu.