Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A bayan garin Davis, can ƙuryar tsaunukan West Virginia,
wata ƙorama ta shekara hamsin tana amayar da tsatsa.
Duwatsun gindinta jawur, kamar an tofa musu goro.
Ko kwaɗo ba ya kwana a cikinta.

Ruwa ba ya tsami banza,
haka kakata kan ce in maƙwabci ya daina gaisuwa.
Ni kuwa na tsoma kwalba, na auna,
sai ga maganar tsirara: tsami ne na gaske,
yana tsiyaya daga bakin ramin kwal
da aka toshe tun ba a haife ni ba.

Dattijo Orval Shreve ya san ramin ciki da bai.
Shekara sha tara ya ci abinci a cikinsa,
ramin ma ya ci rabin huhunsa.
Yanzu shi ke nuna wa direban tifa inda zai juye
garin farar ƙasa, tsibi guda a bakin gaɓa,
don ruwan sama ya riƙa ɗiba yana shayar da mara lafiya.
In ya yi shebur uku sai ya tsaya ya yi tari,
ya tofa, ya ce mu ci gaba.

Mun tone kwalbatin da ya tare hanya.
Mun jawo gungume shida da igiya, mun gitta su,
domin ruwa ya sami abin tuntuɓe
ya haƙa wa kansa gurbi mai sanyi.
Loretta Mullenax da ɗalibanta sun dasa itatuwa ɗari uku;
barewa ta cinye rabi kafin ƙanƙara ta sauka.
Muka sake dasawa, wannan karon da shinge.

Shekarar farko, shiru.
Ta biyu, na ɗaga wani dutse na ga tsutsa
ta gina ɗakinta da yashi, ƙanƙane kamar tsinken ashana.
Na kira Orval a waya don tsutsa ɗaya.
Ya ce, to, mai dafa abinci ta iso,
saura mai gida.

Kifin da muke jira ɗan asalin nan ne,
ya riga taswira sanin waɗannan kwazazzabai.
Bayansa zanen tafiyar gara, gefensa ɗigon zabo,
ja a cikin zoben shuɗi,
bakin fiffikensa fari fat kamar an yi masa dajiya.
Tsirarun da suka rage suna maƙale can sama,
inda guba ba ta iya hawa.

Kaka ta huɗu, ganye ya yi ja ya fara zuba.
Na durƙusa wanke ma'auni,
sai na hangi tsakuwa an share ta, faɗin faifai,
da wata inuwa mai tsawon tafin hannu
ta juya gefe tana kaɗa ƙasa da wutsiya.

Orval ba ya iya hawa tudu yanzu.
Na sauka da hoton a aljihu, gwiwata jiƙe,
na same shi a baranda da tiyon iska a hanci.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, ƙarama ce.
Can ya ce, gobe ki kewaya ta wancan gefen,
kada ki taka mata ƙwai.