Ma'aunin Bożena

A Tarnów, bayan gidan burodin da nake kwana ina kwaɓi,
akwai gareji mai shuɗiyar ƙofa.
Nan motata ta yi wata biyar a kan jak,
baki buɗe, ciki a waje.

Ni na jawo.
Bożena ta ce in jira,
ni kuwa na ga turbo a waya, rabin kuɗi,
hoto na sheƙi, tambari daidai, har da lamba.
Zuloti dubu biyu, gumin tanda na wata uku,
na tura wa mutumin da ban san muryarsa ba.

Kwana tara yana yi mini fito.
Kai, fiton nan!
In na taka, kujera ta rungume ni ta baya,
bishiyoyi su zama zare.
Ran na goma, a hanyar Kraków, allura na hawa,
sai ƙaras,
kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a shinkafa.
Farfelar ciki ta tarwatse,
inji ya haɗiye ɓaraguzanta,
shuɗin hayaƙi ya cika madubi.
Na tsaya a dusar ƙanƙara, hannu a hammata,
ina jin ƙarfe yana hucewa, tak, tak,
yana ƙirga mini asarata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ɗauko ma'aunin kakarta na awon gari,
ta ɗora matacciyar farfela da tarkacenta a gefe guda,
ta ɗora ta gaske a ɗayan.
Hannun ma'auni ya sunkuya.
“Giram arba'in,” ta ce. “Nan suka ci kuɗinka.
Tambari kowa na iya bugawa,
nauyi ne ba ya karɓar cin hanci.”

Daga nan na koyi jira.
Ta kira Zenon a Gliwice, tsoho mai tari,
ta sa ya karanto lamba sau biyu,
ta tambayi wa ya ƙera, a wace shekara,
in ya fashe wa za a kama.
Fistan huɗu suka iso cikin takarda mai maiƙo.
Boris ya makara mako shida.
Gaskit na farko ta mayar,
wai gefensa bai yi wa babban yatsanta daɗi ba.

Na ce, turbo kawai na zo nema.
Ta ce, “Ka ƙara wa huhu iska, ka bar zuciya da yunwa?
Iska na son mai, mai na son wuta,
wuta na son wanda zai sanyaya ta.
Ka taɓa ɗaya, duk dangin sun zo.”
Noti goma na kan inji ta ɗaure su bi da bi,
daga tsakiya zuwa gefe,
tana motsa leɓe kamar mai addu'a.

Ranar gwaji aka ɗaure motar da bel,
tayoyi na gudu, ba ta zuwa ko'ina.
Kwamfuta a cinya, sukundireba a kunne,
tana ƙara iska kaɗan, ta saurara,
kaɗan, ta saurara.
Na ce saura, za ta iya.
Ta rufe kwamfuta. “Za ta iya yau.
Ni ta shekara biyar nake gina maka.”

Yanzu ƙarfe uku na dare nake fita aiki.
Titi fayau, babu kowa, ƙafata na ƙaiƙayi.
Wani lokaci nakan taka. Ba zan yi ƙarya ba.
Amma guntun farfelar nan yana rataye a makullina,
ya taɓa yanka ni a yatsa,
turbo ya bar mini tabo.
In na isa, nakan bar injin ya huce minti biyu,
sannan in shiga in auna gari.
Ban ƙara rage ko giram ɗaya ba.