Hannu Ya Riga Baki

A Kutaisi, inda kogin Riyoni ke gunaguni ƙarƙashin gada,
mahaifina Otar ya farka wata Talata
ya tarar an kwashe sunayen kayan ɗakinsa.
Kayan suna nan. Sunayen ne babu.

Jijiya ce ta toshe, in ji likita,
wadda ba ta kai kaurin zaren ɗinki ba.
Shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo,
yau ya kasa cewa agogo.

Tamuna, mai koya wa baki hanyar da ya manta,
takan zo da hantsi, jakarta cike da katuna.
Ta ɗaga hoton makulli.
Ya san shi. Na ga ya san shi,
sanin ya cika masa ido har ya zubo.
"Ƙofa," ya ce. "A'a. Aljihu. A'a.
Wancan dai, mai juyawa."
Yana zagaye kalmar
kamar mai zagaye gidansa cikin dare,
ga fitila a kunne ciki,
ya rasa ta inda ake shiga.

Cokali ya koma miya.
Ni kuwa, Nestan, 'yarsa ta fari,
ya kira ni da sunan kyanwarmu da ta mutu bara.
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da dare tambaya ta hana ni barci:
in kalma ta yi ƙaura, tunani na bin ta?
Ko riga ce kawai,
shi yana nan tsirara yana rawar sanyi?
Na gwada tunani ba tare da kalma ba.
Ban kai numfashi uku ba
na kama kaina ina cewa, "Yi shiru mana."

Sai ran nan ya hango tsintsiyar hannun Tamuna.
Agogon kakarta ne, ya mutu tun damina,
tana ɗaurawa don kewa.
Masu gyara uku sun buɗe sun rufe:
wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ne ya karye,
kuma an daina ƙera irinsa.
Baba ya miƙa tafin hannu. Bai roƙa ba, ba shi da abin roƙo.

Kwana biyu agogon na kan tebur, ciki a buɗe.
Ya duba, ya ture.
Ya fita ya yi wa inabi aski,
ya zauna kallon tururuwa,
ya yi barcin rana har da minshari.
Na ce ya manta.

Asubahin na uku na ji motsi a kicin.
Yana tonon kwandon shara.
Ya zaro tsirkiyar jitar ɗana Luka, wadda ta tsinke jiya,
ya yanki abin da bai kai farce ba,
ya kama da hantsaki, ya lanƙwasa,
ya gwada, ya cire, ya ƙara lanƙwasawa kaɗan.

Mu duka mun ga tsirkiyar nan.
Amma mun san sunanta,
sunan ya ce mana ta kiɗa ce, muka yarda.
Shi da sunan ya gudu ya bari
bai ga komai ba sai siririn ƙarfe
da in ka danne shi, ya dawo.

Da hantsi Tamuna ta zo.
Ya kanga mata shi a kunne.
Ta daɗe ba ta ce uffan ba,
su biyu, a karon farko, da yare ɗaya.

Amma aiki aiki ne.
Ta share ido, ta nuna agogon: "Mene ne wannan?"
Ya buɗe baki. Ya rufe.
Ya ce, "Yana tafiya."

Ta rubuta a takardarta: bai faɗi suna ba.
Sannan ta juya tsintsiyar hannu
ta duba lokaci,
ta rubuta shi a ƙasa.