Kada Ya Zama Madara

A Gavoi, can kan duwatsun Sardiniya,
ubana ya bar min tumaki tamanin da tukunyar jan ƙarfe.
Cuku nake yi. Shi na iya, shi na gada,
warinsa ba ya barin rigata ko ranar Lahadi.

Gavina 'yata, shekara shida,
ba ta barci, ba ma barci.
Tsakar dare sai ka ji ƙartar farce a fata
kamar ɓera ya samu buhun hatsi.
Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, gefen wuya,
kirci ya yi ja, ya tsage, yana tsattsafo ruwa.
Da safe ga ɗigon jini a zanen gado.
"Baba, ba ni ba ce, hannuna ne."

Kakarta Peppedda ta ce man zaitun.
Maƙwabciya ta ce tumatir ne.
Mai gidan burodi ya ce alkama, alhali da ita yake ci.
Kowa likita ne in ba ɗansa ke susa ba.
Muka cire wannan, muka cire wancan,
har kwanon yarinya ya koma farar shinkafa da ganye.
Ta rame, wuya ya yi tsawo,
ƙaiƙayi kuwa ko gezau.

Likita a Nuoro ta dube mu ta saman tabarau:
"Yunwa kuke ba ta, ba magani ba.
Abu ɗaya za ku ɗauke, mako uku, ku rubuta.
Ku mayar, ku sake rubutawa.
Mai kuma safe da dare, ko fata ta yi kyau kada ku fasa.
Ruwan wanka ɗumi-ɗumi, ban da sabulu mai turare."

Efisia matata ta sayo littafi mai shuɗin bango.
Litinin: wake da kifi. Susa kaɗan.
Talata: taliya. Ta farka sau biyu.
Laraba: an manta, tunkiya ta haihu.

Da layi ya zo kan madara, sai na tsere garke.
Kwana ashirin da ɗaya babu cukuna a bakinta.
Ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
ina tatsa ina roƙo,
Ubangiji, kada ya zama madara.
Ban ce ka warkar da ita ba.
Cewa na yi kada ya zama madara.
Har yau in na tuna, miyau ba ya wuce min.

Ba madara ba ce.
Ƙwai ne, sau huɗu littafi ya kama shi
kamar ɓarawon da ya bar sawu a laka.
Sai bargon ulu da kakarta ta saƙa
daga gashin tumakina.
Efisia ta naɗe shi ta sa a akwati, ba ta ce uffan ba.
Tsohuwa ta lura. Ita ma ta yi gum.
Ashe dai garkena bai kuɓuta duka ba.

A watan Mayu fata ta kwanta.
Na yanka mata cuku siriri, ta ci ta lashe yatsa.
A Nuwamba abu ya dawo.
Muka bi littafi shafi-shafi: babu ƙwai, babu ulu,
babu wanda za a kama.
Sanyi ne? Zafin murhu ne?
Ko sabuwar malamar lissafi da take tsoro?
Nan littafi ya yi shiru.

To, na yanke mata farce.
Na jiƙa tsumma da ruwan sanyi.
Maganin likita kaɗan inda ya yi ja, mai a ko'ina,
sai safar hannu ta auduga
da ta zana wa ido da gashin baki.
Tafin hannuna kaushi ne, igiya da gishiri sun cinye shi,
don haka da bayan yatsu nake shafawa.

"Baba, kana warin cuku."
"Yi barci."
"Gobe a rubuta me?"
"Gobe ke za ki rubuta."

Na zauna a ƙasa riƙe da wuyan hannunta
har ƙararrawar coci ta buga huɗu,
tumaki suka fara kira.