Tafintoci Uku a Tartu

Ƙarfe biyun dare, dusar ƙanƙara ta liƙe taga,
Merike na lallashin tafintoci uku.
Miya ɗaya ce, kowace tukunya da wutar da take so.

Linux ya haɗiye, bai ce uffan ba.
Mac ya rantse bai ga laburaren ba, ga shi gabansa.
Windows kuwa, don sanda guda ta jingina dama,
ya watso jajayen layuka ɗari huɗu.

Ta rubuta: in kai ne, bi nan;
in waninka ne, ga ƙofa.

Da asuba allo ya yi kore sau uku.
Sai saƙon Taavi daga Pärnu:
"A tsohuwar na'urata ta ƙi tashi."

Merike ta mayar da buta kan wuta.